Yadda zaka ɗora makahon gidanku a kan sana'ar waƙa ba tare da ta koma bara ba

Wannan rubutun naku ne, ku da kuke da ɗa ko ƙani ko ɗan ɗan'uwa mai lalurar gani a gida, kuma kun lura duk waƙar da yaron nan ya ji a rediyo sau biyu ya haddace ta, in ya samu bokiti ko galan kuwa ya dinga kaɗawa kenan har sai an ce kai ya isa haka. A nan Bauchi kowa ya san inda labarin irin waɗannan yaran yake ƙarewa, ko dai a barshi a zaure da rediyo har furfura ta fito masa, ko a haɗa shi da ɗan jagora da ƙoƙo su nufi Wunti ko bakin kasuwar Muda Lawal. Ni a ganina muryar nan jari ce, yaro zai iya cin abinci da ita da mutuncinsa, amma fa sai in tun farko an tsara abun yadda kiɗan da kuɗin da sunan duk suna hannunsa shi, ba hannun masu riƙe masa sanda ba.

Zan dinga kawo misali da wani makahon mawaƙi ɗan tsibirin Puwato Riko mai suna Hose Felisiyano, in zaka neme shi a YouTube sai ka rubuta José Feliciano. Ba wai mu bamu da namu bane, muna dasu kuma zan taɓo su, sai dai shi mutumin ya haɗa abubuwan da yaranmu ke fama dasu gaba ɗaya, ga makanta ga talauci ga kuma tashi a cikin mutanen da yarensu ba naka ba.

An haife shi ran 10 ga Satumba 1945 a garin Lares, makaho tun daga ciki saboda hawan jinin ido, su 11 ne maza a gidansu. Yana ɗan shekara 3 ya fara kaɗa gwangwanin biskit yana raka kawunsa dake kaɗa kuwatro, wata 'yar jitar gargajiya ta ƙasarsu. Yana shekara 5 iyayen suka tattara suka koma New York, ɓangaren unguwar Harlem inda 'yan ci-rani masu jin Sifaniyanci suke zaune. Can ya koya wa kansa akodiyon, daga baya jita ta shigo hannunsa ya dinga kulle kansa a ɗaki da faifai yana bin abinda yake ji, wani lokacin har awa 14 a rana. Yana shekara 17 ya bar makaranta don ya taimaki gida, ya dinga wasa a gidajen shan gahawa na unguwar Greenwich Village, in ya gama a zagaya da hula kowa ya jefa abinda ya sawwaƙa. Toh ka lura da wannan hular, mutane suna jefa kuɗi ne bayan sun ji yatsunsa a kan jita, aikin suke biya. Duk abinda zan faɗa a ƙasa ƙoƙari ne na kai yaronku wannan matsayin.

Ka fara gwada kunnensa kafin ka kashe ko sisi

Ba kowane makaho ne makaɗi ba, wannan zancen mutane ne kawai. Gwajin ba wuya. Ka tafa hannu da wani salo, misali uku da sauri biyu a hankali, kace ya maimaita, ka dinga ƙara tsawo kana murɗawa. Ka ja murya ɗaya kace ya kamo ta daidai, sannan ka ɗaga sama kaɗan ka ji ko zai biyo ka. Ka kunna waƙar da bai taɓa ji ba, ka kashe a tsakiyar amshi ka ji ko zai ƙarasa da kansa a kan kari. Babban gwajin dai shine naci, shin in ba kowa a wajen yana yi? In sai an roƙe shi ko sai baƙi sun zo an ce "zo ka yi wa Hajiya waƙar nan", to kila sha'awarku ce ba tasa ba, ku barshi ya nemi wani fannin, akwai makafi malamai da lauyoyi da 'yan jarida.

Sai maganar gida. Ka zauna da Baba da Inna da duk wanda ke da ta cewa tun kafin kayan kiɗa su shigo, don malamai sun saɓa a kan hukuncin kiɗa kuma ba ni zan raba wannan gardamar ba. Wani gidan zasu yarda da fiyano, wani gidan sai mandiri da bege, wani gidan sai waƙa zalla ba kiɗa. Ko wannan na ƙarshen ma hanya ce babba, Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, da baki kawai ya yi waƙoƙin wa'azin da har yau ake nazarinsu a jami'o'i. In kuma gidan Kirista ne a Yalwa ko Tafawa Ɓalewa ko Bogoro to an samu sauƙi ta nan, ƙungiyar mawaƙan coci makaranta ce kyauta, ga fiyano ga ganga ga masu koyarwa duk sati.

Dole ya iya kaɗa wani abu da hannunsa

Wannan nake so a riƙe da kyau. Mawaƙin da murya kawai gare shi kullum yana jiran mai kiɗa, in makaho ne kuwa jiran ya ninka, sai an ga dama a zo a ɗauke shi sai an ga dama a buga masa. Felisiyano shi kaɗai da jita ya isa taro. Mu ma mun ga haka a wajen marigayi Ɗan Maraya Jos, duk da shi mai ido ne, mutum ɗaya da kuntigi ya zaga duniya ba 'yan amshi ba makaɗa. Don haka gurmi ko kuntigi ko garaya ko jita, duk wanda ya fi kwanta masa a rai, ga arha ga ba ruwansu da nefa, kuma ana rataya su a kafaɗa a hau acaɓa.

Amma tunda waƙar zamani a kan fiyano ake gina ta, gara ya san shi shima. In zaka saya ka nemi tsohon Yamaha PSR na hannu mai maɓallai na gaske waɗanda ake dannawa a ji sun shiga, ka guji duk wanda sai an shafa gilashi, wannan bango ne a wajensa. Ranar farko ka kama yatsansa ka bi da shi kan baƙaƙen maɓallan nan, zai ji suna jere biyu, uku, biyu, uku har ƙarshe. Ka ɗora shi a kan guda biyun ka zame hagu zuwa farin dake manne dasu, wannan shine do, sautin farko a jerin do re mi, daga nan duk inda ya ɓace zai lalubo biyun nan ya dawo hanya. Maɓallan sama kuma na sauya murya da saurin kiɗa da tashi da tsayawa, ka samu seletef da ƙwayar gero, ƙwaya ɗaya a ƙarƙashin seletef a kan na sauri, biyu a kan na sauya murya, uku a kan na tsayarwa. Shi zai zaɓi tsarin ba kai ba, kuma daga ranar kar wanda ya ɓare masa ko ya matsar da fiyanon daga inda yake ajiye.

Malamin da zai koya masa kuma sai an ɗan yi masa bita, don yawanci bai taɓa koyar da makaho ba, zaka ji yana "danna wancan, a'a na can gefen". Ka roƙe shi cikin girmamawa, Malam a daina nan da can, a faɗi sunan maɓalli da yatsan da za a sa. In zai nuna salo ya bar yaron ya ɗora hannunsa a saman nasa yana bugawa a hankali, hannun zai ɗauki tafiyar da kansa. Kuma kowane darasi a ɗauke shi a waya, shine littafinsa.

Makaranta kuwa kar ku kwaikwayi Felisiyano a nan, shi dole ce ta fitar da shi. Akwai makarantar masu buƙata ta musamman a Yalwa, ga kuma ta makafi a Gindiri cikin jihar Filato maƙwabtanmu, wadda take nan tun 1953. Yaron naku ya koyi rubutun makafi na ɗigo shida, wanda shi kansa mai ƙirƙirarsa Louis Braille ɗan Faransa makaɗin coci ne kuma ya tsara yadda ake rubuta kiɗa da ɗigon. Ya koyi Turanci da kwamfuta. Cobhams Asuquo, makahon furodusan nan na Legas da ya haɗa wa Asa kundinta na farko a 2007, ta makarantar makafi ta Pacelli ya biyo. Amadou da Mariam na Mali a makarantar makafi ta Bamako suka haɗu. Ba don takarda kawai ba, a can ne zai haɗu da 'yan uwansa da suka riga shi sanin dabarun da kai mai ido ba zaka taɓa sani ba.

Waya da situdiyo

Yawancin wayoyin Android suna da TalkBack a cikin setin, iPhone kuma VoiceOver, kunnawa kawai za a yi ta dinga karanta masa duk abinda ya taɓa. Muryar Turanci ce ke karanta Hausar don haka a karkace take fitowa, da farko dariya zaku yi ta yi, amma kunnensa zai saba ya dinga ganewa. Baitin da ya zo masa da dare ya ɗauka da murya nan take, ya buɗe guruf a WhatsApp shi kaɗai ya dinga turawa can, kowane saƙo ya fara da faɗin sunan waƙar da lambar baitin don kar ya sha wahalar nema. Akwai kuma Be My Eyes, manhajar da ke haɗa shi da ɗan sa-kai ta bidiyo ya duba masa abu, tana da amfani in ba kowa a kusa.

A situdiyo yawancin furodusoshinmu manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio suke amfani da ita, ita kuwa ta masu ido ce, kusan komai da linzami ake ja. In yaron ya nuna yana son haɗa kiɗa da kansa to hanyar itace laftof mai Windows, a sa mata NVDA, manhajar karanta allo ce kyauta wadda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya suka gina, Michael Curran da James Teh, sannan a sa Reaper, manhajar ɗauka da haɗa waƙa, da wani ƙari nata mai suna OSARA wanda ke sa ta magana. Reaper ana gwada ta kwana 60 kyauta, lasisin mai ƙaramin ƙarfi dala 60 ne. Kar ka ga kamar tatsuniya nake, akwai wani makahon mawaƙi mai tushe a Latin Amurka kamar Felisiyano, Raul Midón, haifaffen jihar New Mexico a 1966, ubansa ɗan Ajantina uwarsa baƙar fatar Amurka, shi da kansa yake ɗaukar waƙoƙinsa a situdiyon gidansa. Tagwayensa ma makaho ne kuma injiniya ya zama a NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka.

Kafin ya kai can dai situdiyon unguwa zaku je, kuma ga yadda ake yi. Ku je da wuri kafin layi, ka zagaya da shi ɗakin ɗaukar murya ya taɓa bango huɗun, ya san inda ƙofa take, a naɗe wayoyin dake ƙasa. Ka ɗora hannunsa a kan ƙarfen mayik ya auna tazara da tafin hannu tsakanin bakinsa da ragar nan dake gaban mayik, ya sa ƙafa ɗaya ta taɓa gindin ƙarfen don in ya yi nisa cikin waƙa ya karkace ya gane. Furodusa ya saba ɗaga hannu ta gilashi yana nuna shiga, toh wannan ba zai yi ba, ya ƙirga masa ta hedifon, ɗaya biyu uku huɗu. In zai fita sallah ko janareta ta mutu ya faɗa da baki, na sha ganin an bar mutum a tsaye a cikin ɗaki yana ta rera baiti alhali kowa ya fice. Sai abinda ya fi ci min rai, furodusa ya juyo wajenka yace "ka tambaye shi ko kiɗan ya masa". Kar ka amsa. Kace Oga gashi nan a gabanka, kunnensa ya fi nawa. Sau biyu zaka yi haka ya gane.

Maganar kuɗi, inda ake yanka makafi

Nan ne zan daɗe, don yawancin makafin mawaƙan da suka koma bara ba murya ce ta ƙare musu ba. Ka ɗauki wajen biki a holi, yana tsaye yana waƙa, ƙawayen amarya sun taso ana ta liƙi, kuɗi na sauka a kafaɗarsa suna zubewa ƙasa, shi yana jin iskar takardar a fuskarsa amma bai san ɗari biyu bace ko dubu, yara uku huɗu sun durƙusa suna tsinta, wani na cusawa a leda wani a aljihu, a ƙarshen dare ɗan jagora ya damƙa masa wani abu yace "yau ba a samu sosai ba Malam". Da me zai yi musu? Kuma takardun naira 100, 200, 500 da 1000 girmansu ɗaya ne a hannu, ƙananan ne kawai na leda suka bambanta.

Toh ga abinda za a yi. Kuɗin wasa a yanke shi tun kafin ranar, a karɓi kafin alƙalami ta taransifa zuwa asusunsa shi, wanda aka buɗe da BVN da NIN nasa, layin wayar ma da sunansa aka yi rijista, alat ya shigo wayarsa TalkBack ta karanta masa a kunne. Liƙi ya zama ƙari ne kawai ba shine abincin ba. A wajen taron emsi ya dinga faɗin lambar asusun, sannan a ajiye akwati mai kwaɗo a gabansa a ce nan ake sakawa, mabuɗin na aljihunsa. In wani ya yi ƙorafi kuna da hujja ma, dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 dama ta hana watsa naira da tattaka ta. Wanda ya zube ƙasa duk da haka mutum biyu zasu tsinta kuma kar su zama 'yan gida ɗaya ko abokan juna. Ƙirga kuwa a gabansa, da ƙarfi, ana sa masa a hannu ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya ware su da ninki, dubu a miƙe, ɗari biyar ninki ɗaya, ɗari biyu ninki biyu, kowanne da aljihunsa.

Lambar sirrin kati shi zai danna da kansa. Na'urar POS mai maɓallai akwai ɗan tudu a kan lamba 5, daga nan ake lissafa sauran. In mai gilashi ce ya haƙura ya tura ta wayarsa, kar ya faɗa wa kowa lambar da baki, har kai ɗin nan. Eh har kai. Ba don kai ɓarawo bane, don ranar da lissafi ya rikice kar a rasa wanda za a zarga sai kai, zumunci ya lalace a banza.

Ɗan jagora a yanka masa albashi ko kaso sananne, ya san aiki yake yi. Kuma dan Allah kar a cire ƙaramin yaro daga makaranta a ce shine jagora, an gyara rayuwa ɗaya an ɓata ɗaya kenan. A nemi babba, sannan shi mawaƙin ya ƙware da farar sanda yadda zai iya zuwa masallaci da shago da bakin titi shi kaɗai. Jagorancin ma akwai yadda ake yi, ba jan hannu ko jan sanda ba, shi zai riƙe gwiwar hannunka kana gaba da rabin taki, in an zo matakala ka tsaya kace hawa ne ko sauka, in an zo kujera ka ɗora hannunsa a bayanta ya zauna da kansa. Can ƙasashen Turawa kare ne ke musu jagora, shi ma da nasa matsalar, a 1967 Ingila ta hana Felisiyano shiga da karensa saboda dokar killace dabbobi.

Sai takarda. Tun ran gini tun ran zane, duk wanda yace zai ɗauki nauyin waƙa, ɗan siyasa ne ko mai situdiyo ko wani Alhaji mai son taimako, a rubuta waye mai waƙar, waye zai ɗora ta a intanet, nawa aka biya kuma na me. Mutum biyu daban su karanta masa a lokuta daban kafin ya dangwala, a kuma ɗauki karatun a waya. In an gama aiki ku karɓi datar waƙar gaba ɗaya a filash, murya daban kiɗa daban, ba mp3 kawai ba. Tashar YouTube da Audiomack da shafin Facebook da TikTok a buɗe su da imel nasa da lambarsa, don tashar da aka buɗe da imel ɗin wani ta wani ce ko da hoton yaronku ne a kai. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare waƙa da zarar an ɗauke ta, amma yana da kyau a kai sanarwa Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya don hujja. Ku kuma san da dokar hana nuna wariya ga masu nakasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019, ko ba a kai kotu ba ambatonta kawai na sa wasu su gyara zama.

Da wane suna, da wane yare

Zamanin da Felisiyano ya taso, ɗan Latin dake son shiga kasuwar Amurka sau da yawa sai ya aske sunansa, Richard Valenzuela ma Ritchie Valens ya koma. Shi ya riƙe sunan ubansa. Kuma abin lura, kamfanin RCA ya ɗauke shi yana waƙa da Turanci amma ba nan ya fara fashewa ba, sai da ya je bikin waƙa na Mar del Plata a Ajantina a 1966, aka ce ya yi faifai da Sifaniyanci, ya ɗauko tsofaffin waƙoƙin soyayya irin na zamanin iyayensa ya zuba musu salon jitarsa, nan Latin Amurka ta ɗauka. Bayan nan ne a 1968 ya ɗauki wata waƙar Turawa ta ƙungiyar The Doors ya juya ta da kiɗan gidansu, ta kai shi ga lambar Grammy biyu a 1969. A 1970 yana kewar gida ya yi Feliz Navidad, waƙar Kirsimeti mai kalmomi 'yan kaɗan, rabi Sifaniyanci rabi Turanci, ya sa kuwatro irin na kawunsa a ciki, kuma ya faɗa cewa ya sa Turancin ne don kar gidajen rediyo su samu hujjar ƙin sawa. Har yau duk Disamba sai ta dawo.

Yanzu ka dawo Bauchi. Yaro Bajari ne ko Basayi ko Bageri ko Bafulatani ko ɗan Warji, amma da ya shiga situdiyo sai ya koma kwaikwayon Hausar Kano da muryar wanda ake yayi, a zuba masa otatun, gyaran muryar nan na kwamfuta, har ba a gane waye. Irin wannan akwai su ɗari, me zai sa a kira naku? Ka kai shi wajen kakarsa da waya ya ɗauko waƙoƙin daka da na niƙa da na reno da na noma, ya ɗauko kirarin gidansu, ya zauna da tsofaffin makaɗan garinsu tun suna raye. Dabarar Felisiyano tana aiki a nan sosai, baiti da Hausa don kowa ya ji daga Azare har Yamai, amshi da Jaranci ko Sayanci ko Fulatanci, gajere mai sauƙin kamawa. Geranci ma da yake neman ɓacewa a bakin yara, amshi ɗaya mai daɗi zai yi masa abinda taron ƙungiya goma bai yi ba. Ko Hausar ce zalla ya bar ta da Bausancinta.

Amma in faɗa maka gaskiya abun yana da farashi wani lokacin. Ran 7 ga Oktoba 1968 aka kira Felisiyano ya rera taken Amurka kafin wasan besbol na ƙarshen kaka a birnin Detroit, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, ya rera shi a hankali da jita da salonsa. Wasu suka yi masa ihu a filin, aka yi ta kiran gidan talabijin ana zagi, gidajen rediyo da yawa suka daina sa waƙoƙinsa, alhali mutumin ɗan ƙasa ne, 'yan Puwato Riko suna da shaidar zama 'yan Amurka tun 1917. Shekarunsa 23 lokacin. Sai a 2010 aka sake kiransa Detroit ya rera shi yadda ya yi a da, a 2018 kuma gidan tarihi na Smithsonian ya karɓi jitar. Shekara nawa kenan? Mu nan abubuwan da ake taɓawa wuta ta tashi mun sansu, addini da sarauta da siyasa. Baitin bege ko na yabon coci a kai wa malami ya saurara kafin a sake shi. Waƙar sarauta a tambayi na fada. Waƙar siyasa tana kawo kuɗi da sauri, in zai yi ya yabi wanda ya biya shi ya tsaya nan, banda zambo da habaici ga abokin hamayya, don wanda ba ya ganin mai tahowa bai kamata ya tara maƙiya ba.

Sunan makanta kuma zaɓinsa ne. Yahaya Makaho na Kaduna ya ɗauki sunan ya sa a gaba, mutumin da ya yi bara kafin waƙa ta fitar da shi, kuma sunan bai rage shi da komai ba. Wani kuma ba ya so. Abinda dai bana so shine duk waƙa ta zama kukan rashin ido, ɗaya ko biyu sun isa, sauran ya yi na soyayya da noma da tsadar rayuwa da Wikki Tourists in yana son ƙwallo, kamar kowa.

In waƙa ta farko ta fito kar ku yi gaggawar kundi, guda ɗaya mai kyau ta isa. Ku ɗauki gajeren bidiyo yana kaɗawa da hannunsa ba tare da kiɗan situdiyo ba, a ga yatsu a ji murya tsirara, irin wannan ne mutane ke turawa juna. Ku kai gidajen rediyon BRC da Globe FM da Albarka, ku nemi masu shirin mawaƙa da na Sallah tun da saura sati biyu ko uku, don ana gobe Sallah kowa ya cika jadawalinsa. Saƙon da zaku tura ya zama gajere, sunan mawaƙi, sunan waƙa, yaren da aka yi ta, abinda yake kaɗawa, sai lambar waya, kuma lambar tasa ce. Kar a rubuta "a taimaka wa bawan Allah" ko a fosta ko a ƙarƙashin bidiyo. Fayil ɗin ma a sa masa suna sosai da sunansa da na waƙar, don masu turawa a kasuwa in suka samu fayil ba suna sai su liƙa masa sunan wani mawaƙin da ya fi tashe. In mai shiri ya kira hira ka kai shi da rabin awa kafin lokaci, ka tambaya ko akwai matakala da inda za a jona fiyano, ku tafi da gurmin ko jitar ko da an ce ba sai an zo da su ba.